Shekarar da Na Sa Bashiru a Gaba

Jiya da hantsi ina zaune a rumfata a kasuwar hatsi, wata lori ta shigo daga Gedambaliya, yankin manyan gonaki, ta sauke 'yan yankan ridi, kowa da laujensa naɗe cikin tsumma. Zafin nan na bayan damina ya riga ya sauka, wanda mu nan Gadarif muke ce wa darat: iska ta tsaya cik, gumi na bin gadon baya tun kafin rana ta yi tsaka. Da suka gifta ta gabana sai warin ɗanyen ridi da ke jikin rigunansu ya bugi hancina. Wallahi basilla ta faɗi daga hannuna ban sani ba. Shekara talatin da wani abu ke nan, amma duk darat sai wannan wari ya mayar da ni makon da na yi wa gidana abin da maƙiyi ma zai ji kunyar yi.

Sunana Idirisu, ɗinkin bakin buhu nake yi tun ina saurayi. A wancan lokacin, soja da masu gemu ba su daɗe da karɓe ƙasar ba, kuma daminar da ta gabata ta ƙi. Ramin dawarmu na tsakar gida mun share shi tas tun kafin ruwan farko. Sukari sai da kati, shi ma ka yi layi rabin yini a ce maka ya ƙare, shayi da dabino muke kora shi, ka gutsira ka kurɓa. Aiki a kasuwa babu, don buhun da ba a cika ba, ba a ɗinke bakinsa. Matata Hauwa, da cikinta wata bakwai, takan auna gari da murfin kwano ta dama kunu mai ɗan kauri ta ce tuwo ne, 'ya'yanmu mata biyu su sha su yi shiru. Abin da ya rage mana a duniya shi ne gonar da na gada a bayan gari, fadan biyar, wato kamar eka biyar, wadda na zuba wa ridi. Ruwa ya yi mata daidai a wannan shekara, ta yi kyau har masu wucewa na tsayawa kallo. Da ita za mu sayi dawar shekara, da ita za a yi suna. In ta tafi, ba mu da komai a bayanta.

To amma ni ina da wata cuta, ita ce nadinmu, wato ƙungiyar ƙwallon unguwa. 'Yan Ridi sauran unguwanni ke ce mana don tsokana, saboda duk 'yan wasanmu 'ya'yan manoma ne da 'yan ƙwadago. Muna daraja ta uku, wadda ƙasanta babu wata daraja sai titi. A farkon shekarar an yi kame a tasha, aka loda samari a mota aka tafi da su aikin soja na dole, cikinsu har da 'yan wasanmu uku mafiya kyau. Ba wanda ya isa ya tambayi inda suke da babbar murya.

Waɗanda suka rage kuwa, Allah ya ba mu haƙuri. Kocinmu Ustaz Awad malamin makaranta ne, mutumin kirki, jam'i ba ya wuce shi, amma ƙwallo dai ba ta san shi ba. Dabararsa ɗaya ce tun da na san shi: a kwashe ƙwallo daga baya a ɗaga ta sama, Allah ya kai ta inda ya so. To wa zai tare ta? Sabo, ɗan gabanmu, wanda in ya tsaya kusa da buhun dawa sai buhun ya nemi fin shi tsawo? Kai jama'a! Yaro mai gudu a ƙasa, kana aika masa saƙo ta sama. A tsakiya ga Haruna, in ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ka ce gadon ubansa ce, ba ya ba kowa, ya yanke mutum biyu ya juyo yana neman na farkon ya sake yanke shi. Sannan ga golanmu Isiyaku. In ƙwallo ta zo a ƙasa yana da dama-dama, amma da an bugo kwana sai ya manne a layinsa yana kallonta kamar mai duban wata. Na tsaya a bayan ragarsa na zage shi har muryata ta dushe, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Na taɓa ce masa a gaban jama'a ya koma tallan ruwa, ko da yake jarkar ma suɓuce masa za ta yi. Bai taɓa waiwayowa ba.

Mutum ɗaya ke riƙe da mu, Bashiru, dogon ɗan baya, wanda duk ƙwallon da ta tashi sama a gidanmu kansa take sauka. Ni kuma shekara guda ina faɗa, a rumfar mai shayi, a bakin fili, har a wajen zaman makoki: tunda ƙwallon sama kuka iya, ku sa Bashiru a gaba mana! Ba wanda ya saurare ni.

Haka muka yi ta shan kashi har ya rage wasa ɗaya, ranar wata Juma'a bayan la'asar, da 'yan unguwar tasha. Canjaras ma ya ishe mu mu tsira. In aka ci mu, za a soke sunanmu, filinmu na bakin rafi kuma, wanda iyayenmu suka share da hannunsu, za a yanka shi fuloti-fuloti, don mun riga mun ga masu awo na zagaya shi. Ga kuma babbar masifa: 'yan wasanmu shida, har da Bashiru da Isiyaku, suna Gedambaliya. Yunwa ta kai su, sun kama yankan ridi a gonar wani attajiri, kuma ƙa'idar wurin, ƙungiyar da ta kama yanki ba ta tashi sai ta gama shi. Yankin da suka kama zai ci musu kwana goma.

Juma'ar da ta rage mako guda muka zauna a rumfar mai shayi bayan masallaci, kowa ya yi tagumi. Ni na miƙe na ce, "Gayya za mu yi. Mu kwashi laujenmu mu je mu gama musu, su dawo su buga mana." Aka yi shewa, aka ce Idirisu ka haifu. Mutum goma sha huɗu suka ɗaga hannu: tela, mahauci, mai gyaran keke, masu ɗaukar kaya. Kaina ya kumbura.

Da na koma gida na tarar Hauwa ta dawo daga gona, ta ajiye mini kara ɗaya na ridi a kan tabarma. Ganyensa ya yi rawaya, na ƙasa ya fara zuba. Ta ciri kwanso ɗaya ta matsa da yatsa biyu, ya buɗe baki.

"Baban Zainaba, ka gani? Gobe ya kamata lauje ya shiga."

"Na gani. Kwana uku kawai zan yi, Litinin da yamma ina nan."

"Kwana uku a ina?"

Na faɗa mata. Ta ce:

"Ridin wani za ka je ka yanka, namu yana tsaye?"

"Ba ridin wani ba ne, Hauwa, filin unguwa ne. Ke ba za ki gane ba."

"Lallai ba zan gane ba," in ji ta, ta ɗauki karan ta jefa wa akuya.

Wanda bai san ridi ba ba zai ji nauyin maganarta ba. Dawa takan jira mai ita wata guda a tsaye. Ridi kuwa daga ranar da ya yi rawaya kwanaki ƙalilan gare ka. Ka yanke shi da ɗan ɗanyensa, ka ɗaure dami-dami, ka jingina su tsaye su bushe, sannan ka kakkaɓe a kan shimfiɗa. In ka makara, kwanson ya fashe a tsaye, iska ta kakkaɓe maka shi a ƙasa. Ƙasarmu kuma baƙa ce mai tsagewa, in ta bushe sai mutum ya zura hannu har gwiwa a cikin tsaga. Duk wannan na sani, a cikinsa aka haife ni. Na tafi.

Asabar da sassafe lorin attajirin ta sauke mu a tsakiyar gonar da ba ka ganin ƙarshenta. Ba bishiya ko ɗaya. Muka sunkuya. Mu 'yan kasuwa da muka saba da inuwa, kafin azahar tafin hannunmu ya yi ruwa ya fashe, ganyen ridi mai danƙo ya manne a ciwon yana zogi. Mahaucin ya yi amai sau biyu. Ruwan sha na tafki ne, ja, ɗumi, ka tace da gefen rawani ka rufe ido ka haɗiye. Abinci tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, da ɗan busasshen kifi da ake jefawa don wari kawai, mutum ashirin a kan faranti biyu. In na miƙe don in huta, bayana sai ya ƙi miƙewa, in tsaya a karkace ina kallon ƙasa tana rawa saboda zafi.

Layina ya faɗo kusa da na Isiyaku gola. Ban taɓa ganin hannu mai sauri irin nasa ba: ya damƙa, ya yanka, ya ɗaure, ya jefa baya, kafin in gama dami ɗaya ya yi uku. Ya kai ƙarshen layinsa ya juyo ya kama nawa daga can. Da muka haɗu a tsakiya ya ce, "Yaya Idi, naka ridin fa? Ka yanke?"

"Yana nan. Ya ɗan yi rawaya."

Ya tsaya da laujen a hannu. "Rawaya? Ka baro shi ka zo nan?"

"Kai dai ka riƙe mana ƙwallo ranar Juma'a," na ce masa, "ka bar ni da gonata."

Mun gama ranar Talata da azahar, ba Litinin ba. Muka tattara kayanmu muka zauna jiran lori. Ba ta zo ba. Wakilin gonar ya ce babu gas a gari, direba yana layi tun shekaranjiya. Laraba da hantsi hadari ya haɗu, aka ɗan yi yayyafi wanda bai ko kwantar da ƙura ba, sannan rana ta buɗe da wani irin zafi mai cizo. Duk manomin da ke wurin ya san abin da yayyafi da rana ke yi wa nunannen ridi: fasa shi suke yi. Na koma bayan bukka na tsuguna, ina ta "ya Latifu, ya Latifu", ban san sau nawa ba. Na yi niyyar kama hanya a ƙafa, aka ce in na fita a wannan rana gawata za a tsinta. Sai Alhamis muka samu wata tarakta mai jan tirela ta kwaso mu, muka shigo gari ana kiran magariba.

Hauwa na tsakar gida tana shafa man ridi a tafin hannunta. Duk ya kumbura. Kwana huɗu tana fita ita kaɗai da wannan ciki, tana yanka abin da ta iya, don kowa a unguwa yana kan nasa.

"Ya fara fashewa tun jiya," ta ce. "Amma in ka shiga gobe da asuba, da sauran raɓa a jikinsa, za a tsira da rabi."

"In sha Allahu," na ce.

Allah ya sani da niyyar gona na tashi. Na yi sallar asuba, na ɗauki lauje, na fita. Amma hanyar gona ta ƙofar gidan Ustaz Awad take bi. Na ce bari in tsaya minti biyar in ji yadda zai jera yara. Ya fito da takarda a hannu ya nuna mini: mutum tara a baya, Sabo shi kaɗai a gaba, a toshe gida a nemi canjaras.

"Ya Ustaz, ka haukace? Minti casa'in za ka tsare gida da wannan golan? Kwana ɗaya za su bugo su gama da mu. Sai mun ci, sai mun fara ci! Sa Bashiru a gaba."

"Ya Idirisu, in na sa shi gaba, wa zai share mini sama a baya?"

"Musa ɗan makaranta."

"Musa sirit ne, iska ma ture shi take yi."

Na buɗe masa tafin hannuna biyu, duk ƙuraje da jini busasshe. "Wa ya dawo maka da yaran nan? Kai ko ni? Na bar gonata tana zuba saboda su, yau ɗaya ba za a ji maganata ba?"

Muka yi ta yi, maƙwabta suka fito, 'yan gayya suka taru suka goya mini baya. Kafin Ustaz ya ce, "Halas, shi ke nan, yadda kuka ce," rana ta take, raɓa ta daɗe da bushewa. Ridin da ya fashe kuwa in ka taɓa shi da rana, da hannunka kake zubar da shi. Na ce wa kaina gobe ma rana ce, na ɓoye laujen a rumfar mai shayi don kada in koma da shi gida.

Bayan la'asar fili ya cika maƙil, har kan katangu. Ba a yi minti goma sha biyar ba Haruna, wanda bai taɓa ba kowa ƙwallo ba, ya ɗago ta daga dama. Bashiru ya tashi sama, ya wuce kowa da kafaɗa, ya buga ta da ka ta daki ƙasa ta shige. Wayyo! Na faɗa cikin fili ina birgima a ƙura, aka ɗaga ni sama ana "Koci! Koci!" Na yi kuka da hawaye. A wannan minti, Allah ya yafe mini, ko sunan ridi ban tuna ba.

Bayan hutun rabin lokaci sai lauje ya fara karɓar hakkinsa. Yaran da suka yi mako biyu a sunkuye, ƙafafunsu suka mutu. 'Yan tasha kuma ba wawaye ba ne, sun ga babu dogo a bayanmu, sai suka dinga zubo ƙwallo ta sama a kan Musa. Isiyaku, wanda bai taɓa barin layinsa ba, ranar ya dinga fitowa yana damƙe su a iska, ɗaya, biyu, biyar, har aka fasa masa leɓe. Duk da haka suka rama da kwana. Ɗaya da ɗaya, saura kamar minti goma. Hakan ya ishe mu, da an tashi a haka da mun tsira.

Ustaz ya miƙe yana ɗaga hannu: "Bashiru, koma baya! Koma baya!" Bashiru ya juya ya fara komawa. Ni kuma wani abu ya hau kaina. Na bi bakin layi a guje ina ihu, "Tsaya nan! Kada ka koma! Ɗaya za ka ƙara mu huta!" Yaron ya tsaya cak a tsakiyar fili, ya kalli kocinsa, ya kalli mutumin da ya yanka masa ridi. Yana nan tsaye ƙwallo ta wuce ta samansa, ta sauka daidai inda ya saba tsayawa shekara huɗu. Musa ya yi tsalle bai kai ba. Dogon ɗan gabansu ya sa kai.

Ba wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni. Mutane suka watse kamar an dawo daga maƙabarta, kowa yana kauce wa idona.

Asabar da asuba muka tafi gona ni da Hauwa, tana tafe tana dafe da ƙugu. Daga nesa gonar tana nan tsaye kamar ba abin da ya same ta. Da muka matso kurciyoyi suka tashi, garke guda. Na kama kara ɗaya na girgiza, sai ƙarar kwanso wofi. Na kama wani, haka. Na durƙusa. Ƙasa ta yi fari da ridi, tururuwa sun ja layi suna kwasa, sauran yana gangarawa cikin tsaga inda hannu ba ya kai. A kusurwa guda ga 'yan dammunan da Hauwa ta yanka, jingine da juna, ba su fi a ƙirga da ido ba. Na ɗora hannu a ka.

Hauwa ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan kunya ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, ta dube ni.

"To, koci," ta ce, "yanzu wa za mu sa a gaba?"

Muna nan sai na hangi mutane tafe ta hanyar gari. Isiyaku ne a gaba, leɓensa a kumbure, da tabarmi a ka. Bayansa Bashiru, Sabo, Haruna, Musa, har da Ustaz Awad, kowa da tsintsiya ko rariya da ya aro a gidansu. Ba su yi mini gaisuwar komai ba. Suka shimfiɗa tabarmi a gindin karan, suna lanƙwasa shi a hankali suna yankawa don abin da ya rage ya zuba a kai. Da rana ta ɗaga suka koma sharar ƙasa, a tara, a tankaɗe, a sheƙe, a sake tankaɗewa. Kwana uku suka yi suna zuwa, da azumin dole a bakinsu don ba mu da abin ba su. Gonar da na sa ran buhu goma sha biyu ta ba da ɗaya da rabi, rabin nan ma baƙi ne da ƙasa, dillali ya tauna ya tofar.

Rana ta ƙarshe ina riƙe wa Isiyaku bakin buhu yana zubawa, na kasa daurewa na ce, "Ka yi ƙoƙari ranar Juma'a." Iyakar abin da bakina ya iya ke nan.

Ya ce, "Da ka bar mini Bashiru, Yaya Idi, da na riƙe." Ya ƙulle buhun ya ɗora mini a kafaɗa.

Shekarar mun sha wuya irin wadda ba na son faɗa. Akuya ta tafi, gadon ƙarfen Hauwa ya tafi, aka koma ci sau ɗaya a yini, ita kuma rabin nata tana tura wa yara in ta ga ba na kallo. Ta haihu namiji, ƙarami ƙwarai, nono bai zo ba sai da ƙyar. Ya rayu, amma suna da shayi da dabino aka yi shi, ba a yanka ko kaza ba. Fili kuwa kafin damina ta zagayo an kafa masa duwatsun awo. Inda ragar Isiyaku take, yau shagon sayar da taya ne. Shi kansa Isiyakun an kama shi a tasha bayan ƙaramar salla, aka tafi da shi yaƙin kudu, uwarsa ta jira har ta rasu. Na zage shi a gaban ɗaruruwan mutane, ban taɓa ba shi haƙuri ko a gaban mutum ɗaya ba.

Yanzu ba na zuwa fili, a talabijin nake kallo a gida. Wani lokaci in wasa ya yi zafi nakan manta, in miƙe in fara, "Ku cire wancan, ku sa wane a..." Hauwa ta tsufa ita ma, ɗago kai kawai take yi daga tsintar shinkafarta. Sai in koma in zauna.

Jiya da lorin nan ta wuce na duƙa na ɗauki basillata na ci gaba da ɗinki. Buhun ridi ne, fari tas, babu ko tsakuwa. Na ɗebi kaɗan na zuba a baki, na tauna, na tauna, ya ƙi wucewa.